Yadda Bakin Caja Ya Zo Ɗaya

Ranar 28 ga Disamba, 2024, wata doka ta fara aiki a ƙasashe 27 na Tarayyar Turai, kuma duk maganarta a kan ɗan ramin nan ne da ke gindin waya, inda ake soka caja. Daga wannan rana, duk sabuwar wayar salula da za a sayar a waɗannan ƙasashe, da kyamara, da abin sauraro na kunne, da lasifikar hannu, da na'urar wasan yara ta hannu, da makamantansu, dole ramin cajinsu ya zama irin wanda ake kira USB-C. Kwamfutocin tafi-da-gidanka kuwa aka ɗaga musu ƙafa zuwa 28 ga Afrilu, 2026.

Wanda ya ji labarin sama-sama zai ce abin bai kai a tara 'yan majalisa a kansa ba. Amma sai da aka shafe shekara goma sha biyar ana ja-in-ja tsakanin hukumomin Turai da manyan kamfanonin waya kafin a kai ga wannan doka. Kafin nan ma injiniyoyi sun daɗe suna fama da wata matsala ta daban, wato wutar da caja ke sha a banza. Saboda haka tarihin caja tarihi biyu ne a haɗe: na bakinta, wanda kowa ke gani, da na cikinta, wanda sai an lura. Dukansu biyu sun shafi aljihun mai waya, sun shafi wutar lantarki, sun kuma shafi tulin sharar da ake jibgewa a bola.

Kowane gauta da nasa ja

Wayar hannu ta farko da aka fitar kasuwa ita ce DynaTAC 8000X ta kamfanin Motorola, wadda hukumar sadarwa ta Amurka ta amince da ita a 1983. Sai ta yi kimanin awa goma a caji kafin a samu magana ta minti talatin. A wancan lokaci babu wanda ya damu da ko cajar wannan kamfani za ta shiga wayar wancan, domin masu wayar 'yan ƙalilan ne, kuma kowa da cajarsa a cikin kwali.

Da waya ta yaɗu a shekarun 1990, kowane kamfani ya ƙera nasa bakin. Nokia tana da zagayayyen tsinke mai kaurin milimita 3.5, daga baya ta kawo siriri mai milimita 2. Sony Ericsson tana da faffaɗan baki mai haƙora. Samsung da LG da Motorola da Siemens kowa da irin nasa, wani lokaci ma kamfani ɗaya yana da baki uku ko huɗu, gwargwadon samfurin waya. Kamfanin Apple ya fito da nasa mai tsinke 30 a 2003, a jikin na'urar sauraron waƙa ta iPod, sannan ya ɗora shi a kan iPhone a 2007. Hukumar Tarayyar Turai ta ce kafin 2009 akwai kusan nau'in caja 30 a kasuwa.

Akwai dalilai na fasaha a cikin wannan rarrabuwa. Batura sun bambanta, ƙarfin wutar da kowace waya ke buƙata ya bambanta, kuma a wasu tsofaffin wayoyi ta baki ɗaya ake caji, ake jona abin kunne, ake kuma tura bayanai. Akwai kuma dalilin ciniki. Idan cajarka ta lalace, kuma babu wadda za ta shiga wayarka sai ta kamfanin da ya ƙera ta, to ka zama nasa.

Mu ma mun ɗanɗana wannan zamani. Bayan wayar GSM ta fara aiki a Najeriya a watan Agusta na 2001, ƙarancin wuta ya haifar da sana'ar cajin waya. Duk wanda ya ga teburin mai caji a wancan lokaci zai tuna da jerin soket a jikin katako, janareta na ruri a gefe, igiyoyi sun sarƙe kamar saƙar gizo. Kafin a karɓi wayarka sai an tambaye ka: mai babban baki ce ko mai ƙarami? Idan ba a dace ba, sai a cire batirin a maƙala shi a cajar nan mai 'yan ƙarafa biyu da ake matsawa har su taɓa bakin batir. Wannan dabara ta masu ƙere-ƙeren ƙasar Sin ita ce cajar gama-gari ta farko da talaka ya sani, tun kafin hukumomi su zauna a kan batun.

Igiyar da ba don caji aka yi ta ba

Abin da ya zo ya warware rikicin bai fito daga masu waya ba. A 1994 kamfanonin kwamfuta bakwai, wato Compaq da DEC da IBM da Intel da Microsoft da NEC da Nortel, suka haɗa kai don rage yawan ramukan da ke bayan kwamfuta. A lokacin madannin rubutu da ramin sa, na'urar buga takarda da nata, ɗan linzamin kwamfuta ma da nasa. Injiniyan Intel Ajay Bhatt, haifaffen Indiya, na cikin waɗanda suka ja ragamar aikin. A watan Janairun 1996 aka fitar da ƙa'idar USB ta farko.

Manufar ita ce tura bayanai. Amma masu tsarin sun saka wayoyi biyu na wuta a cikin igiyar, domin ƙananan na'urori su samu abin da za su yi aiki da shi ba tare da soket na daban ba. Wutar kaɗan ce: bolt 5, rabin amfiya, wato wat 2.5. Da farko kamfanoni sun yi ta jan ƙafa wajen karɓar sabon ramin, har sai da Apple ya fitar da kwamfutar iMac a 1998, wadda ta watsar da tsofaffin ramuka ta rungumi USB. A shekarar 2000 aka fitar da USB 2.0, aka kuma samu ƙaramin baki mai suna Mini-USB da ya dace da kyamara da wasu wayoyi. A watan Janairun 2007 sai ga Micro-USB, wanda ya fi shi siranta.

Wat 2.5 ɗin nan da aka saka don hidimar linzami shi ne ya zama tushen komai. Batirin waya yana cika ne a wajen bolt 4.2, saboda haka bolt 5 ya yi masa daidai. Kuma ramin USB ya riga ya shiga kowace kwamfuta a duniya, babu kamfanin waya ɗaya da zai ce nasa ne shi kaɗai.

Wutar da ke zurarewa

Yayin da ake fama da baki, wasu masana suna leƙen cikin caja. Aikin caja shi ne ta karɓi wutar bango, wadda a ƙasashenmu take kimanin bolt 230 kuma tana kai-da-komo sau 50 a daƙiƙa, ta mayar da ita 'yar wuta mai tafiya hanya ɗaya wadda batir zai iya sha. Tsofaffin caja suna yin haka ne da ɗan taransifoma na baƙin ƙarfe da tagulla, shi ya sa suke da nauyi a hannu. Irin waɗannan sukan ɓarnatar da kusan rabin wutar da suka ja, ta tafi a zafi. Abin da ya fi muni, ko an zare wayar, muddin caja na jikin soket tana ci gaba da jan wuta. Ɗumin da ake ji a jikinta shi ne shaidar.

Wani masani a cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya, Alan Meier, yana cikin waɗanda suka fara auna wannan asara a shekarun 1990, a jikin talabijin da bidiyo da caja da sauran kayan gida da ake zaton a kashe suke. Ya ba da shawarar kada wata na'ura ta sha fiye da wat ɗaya idan ba aiki take ba. A 1999 Hukumar Makamashi ta Duniya ta ɗauki wannan shawara ta mayar da ita shiri. A watan Yulin 2001 shugaban Amurka George W. Bush ya sa hannu a kan umarnin da ya ce ma'aikatun gwamnatin tarayya su riƙa sayen kayan da ba su wuce wannan ma'auni ba.

Wat ɗaya kamar ba komai ba ne, amma da yayyafi kogi ke cika. Shekara tana da awa 8,760, saboda haka caja mai shan wat ɗaya a banza tana cinye kusan yunit tara na wuta a shekara. Idan irinta biliyan ɗaya suna maƙale a bango, wutar da suke ja ta kai megawat 1,000. Injinan da aka kafa a madatsar ruwa ta Kainji tun asali gaba ɗayansu ƙarfinsu megawat 760 ne.

Maganin ya zo ta hanya biyu. Ta fuskar fasaha, aka koma ga caja mai datsa wuta. Ita wannan tana fara miƙar da wutar bango, sannan ta riƙa kunna ta da kashe ta sau dubbai masu yawa a daƙiƙa guda. Saurin datsawar ne ke sa ɗan mitsitsin taransifoma ya yi aikin da babba ke yi a da, ga rashin nauyi, ga ƙarancin asara. Ta fuskar doka kuwa, jihar Kalifoniya ce ta fara kafa ƙa'idar dole a 2004. Gwamnatin tarayyar Amurka ta biyo baya da dokar makamashi ta 2007, wadda daga Yulin 2008 ta hana caja shan fiye da rabin wat idan babu komai a jikinta. Turai ta kafa nata ma'aunin na rabin wat daga Afrilun 2010, ta rage shi zuwa wat 0.3 ga ƙananan caja bayan shekara guda. A Fabrairun 2016 Amurka ta sake matse shi zuwa wat 0.1, ta kuma ce caja mai ƙarfi sama da wat 49 dole ta isar da aƙalla kashi 88 cikin ɗari na wutar da ta ja. Turai ta ɗauki kwatankwacin wannan daga Afrilun 2020.

Kamfanonin waya ma sun taɓuka. A 2007 Nokia ta fara saka saƙo a wasu wayoyinta, ciki har da 1200 da 1208 da suka cika kasuwanninmu, wanda ke tunatar da mutum ya zare caja daga bango idan batir ya cika. A Nuwamban 2008 Nokia da Samsung da LG da Motorola da Sony Ericsson suka fito da ma'aunin taurari, inda caja mai tauraro biyar ba ta shan fiye da wat 0.03 a zaman banza.

Mai karatu zai iya ganin sawun wannan tarihi da idonsa. A jikin kan caja na kirki, cikin ƙananan rubuce-rubucen nan, akwai lambar Romawa a cikin da'ira: IV ko V ko VI. Wannan alama ce ta matakin tattalin wuta da cajar ta cika, kuma VI shi ne ma'aunin 2016.

Alkawarin 2009

A batun baki, ƙasashen gabas ne suka riga kowa. Koriya ta Kudu ta tsayar da baki ɗaya mai tsinke 24 ga wayoyinta tun 2001. A Disamban 2006 gwamnatin Sin ta fitar da ƙa'idar da ta ce kan caja ya zo da ramin USB, igiya kuma ta zama mai cirewa, aka fara aiki da ita a tsakiyar 2007. Wannan rabuwa ta kai da igiya, wadda yau muke gani kamar haka abin yake tun asali, babban sauyi ce: igiya ta tsinke, ba sai an yar da kan ba.

A Fabrairun 2009, a babban taron masana'antar waya na Barselona, ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta GSMA ta sanar cewa mambobinta sun amince Micro-USB ya zama bakin kowa zuwa 2012. A watan Yuni, bayan Hukumar Tarayyar Turai ta nuna cewa za ta kafa doka idan ba a daidaita ba, kamfanoni goma suka sa hannu a kan yarjejeniyar fahimtar juna, cikinsu har da Nokia da Samsung da Motorola da Sony Ericsson da LG da Apple. Wasu suka shigo daga baya. A Oktoba Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa albarka.

Yarjejeniyar ta yi aiki sosai. Cikin 'yan shekaru Micro-USB ya mamaye wayoyin Android da ƙananan wayoyi, teburin mai caji ya samu sauƙi. Amma an bar wata kafa a ciki: kamfani zai iya riƙe nasa bakin idan ya samar da ɗan mahaɗin da za a jona. Ta wannan kafa Apple ya bi. A Satumban 2012 ya fito da iPhone 5 da sabon baki mai suna Lightning, mai tsinke takwas, wanda ake sokawa ta kowace fuska. Gaskiya ne cewa ya fi Micro-USB daɗin amfani, domin duk wanda ya taɓa laluben ramin caji cikin duhu ya san wahalar bakin da ba ya shiga sai ta fuska ɗaya. Gaskiya ne kuma cewa duk mai son ƙera igiyar Lightning ta halal sai ya nemi lasisin Apple. Wa'adin yarjejeniyar ya ƙare a ƙarshen 2012, aka ɗan tsawaita ta har 2014, daga nan ta mutu.

Sabon baki, sabuwar matsala

A watan Agustan 2014 aka fitar da ƙa'idar USB-C. Bakin yana da tsinke 24, ba shi da sama ba shi da ƙasa, kuma yana ɗaukar wuta da bayanai da hoto a lokaci guda. Abin mamaki, Apple na cikin kamfanonin da suka yi aikin tsara shi, kuma kwamfutarsa MacBook ta 2015 na cikin na'urorin farko da suka zo da shi. A 2018 ya saka shi a iPad Pro, amma ya bar iPhone a kan Lightning.

Tare da sabon bakin akwai wata ƙa'ida mai suna USB Power Delivery, wadda aka fara fitarwa a 2012. Da ita caja da na'ura suke yin ciniki kafin wuta ta gudana. Caja ta faɗi abin da take da shi, bolt 5 ko 9 ko 15 ko 20, na'ura ta zaɓi wanda ya dace da ita. Haka ne ya sa kan caja ɗaya zai iya cika abin kunne da safe, ya cika kwamfuta da rana, ba tare da ya ƙona ƙaramin ba. Da farko iyakar ƙarfin wat 100 ne, a 2021 aka ɗaga shi zuwa wat 240. Idan aka tuna da wat 2.5 na 1996, an kusa ninkawa sau ɗari.

Sai dai ƙarin wuta ya zo da ƙarin haɗari, kuma igiya ta daina zama igiya kawai. Wadda za ta ɗauki fiye da amfiya 3 dole ta kasance da ɗan guntun kwakwalwar lantarki a cikin bakinta, mai shaida wa caja abin da za ta iya jurewa. Wadda ba ta da shi ba ta wuce wat 60. Igiyar da ke haɗa tsohon ramin USB da sabon baki kuwa tana buƙatar wani ɗan maƙalli mai takaita wuta na daidai ma'auni, in ba haka ba waya za ta ja abin da ya fi ƙarfin cajar. A 2015 wani injiniyan Google mai suna Benson Leung ya shiga sayen igiyoyin USB-C a Amazon yana gwadawa, yana rubuta sakamakon a fili, ya tarar da yawa ba su cika ƙa'ida ba. A farkon 2016 wata igiya da aka haɗa wayoyinta a karkace ta ƙona masa kwamfuta. A watan Maris na wannan shekara Amazon ya haramta sayar da igiyoyin USB-C da ba su bi ƙa'ida ba.

Kan caja na jabu ya fi wannan haɗari. A ciki akwai ɗan tazara da rufi da ke raba wutar bango da wayar da ke hannun mutum, kuma nan ne masu jabu ke rage kuɗi. A 2013, bayan rahoton mutuwar wata mata a Sin da wuta ta ja ta tana amfani da waya a caji, Apple ya buɗe shirin karɓar caja na jabu yana ba da na asali a farashi mai rahusa. A ƙarshen 2016 hukumar kula da ingancin kaya ta Birtaniya ta sanar da sakamakon gwajin cajar Apple ta jabu guda 400: uku kacal suka tsallake gwajin kariya daga jan wuta.

Daga lallashi zuwa doka

A 2018 kamfanoni suka kawo wa Turai sabon tayin yarjejeniya, Hukumar ta ce bai wadatar ba, domin har yanzu ya bar ƙofar baki daban-daban. Ranar 30 ga Janairu, 2020, Majalisar Dokokin Turai ta kaɗa ƙuri'a, 582 suka nemi a kafa doka, 40 suka ƙi. A ranar 23 ga Satumba, 2021, Hukumar ta gabatar da ƙudurin, tare da hujjojinta: an sayar da wayoyi da ƙananan na'urori kimanin miliyan 420 a Tarayyar a 2020, mutum yakan mallaki caja uku yana amfani da biyu, kashi 38 cikin ɗari na masu saye sun ce sun taɓa kasa cajin waya saboda cajar da ke kusa ba ta dace ba, kuma cajar da ake yarwa ko ake ajiyewa ba amfani ta kai kimanin tan 11,000 a shekara.

Apple ya yi suka. Ya ce tilasta baki ɗaya zai daƙile ƙirƙira, kuma akwai na'urori sama da biliyan ɗaya masu Lightning a hannun jama'a, waɗanda igiyoyinsu za su koma shara. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya: da an kafa irin wannan doka a 2009, da Micro-USB aka ɗaure kowa da shi. Masu dokar sun amsa da cewa an ba Hukumar ikon sabunta ƙa'idar idan fasaha ta ci gaba. Ranar 4 ga Oktoba, 2022, Majalisar ta amince da ƙuri'a 602, 13 suka ƙi, 8 suka ƙaurace. Ɗan majalisa Alex Agius Saliba daga Malta, ƙasa mafi ƙanƙanta a Tarayyar, shi ya jagoranci ƙudurin. A Satumban 2023, fiye da shekara guda kafin wa'adi, iPhone 15 ta fito da USB-C a duk duniya.

Dokar ba ta tsaya a baki ba. Ta ce duk na'urar da ke caji da ƙarfi sama da wat 15 dole ta fahimci USB Power Delivery, domin kada kamfani ya ce saurin caji sai da cajarsa. Ta ce a ba mai saye zaɓin ɗaukar waya ba tare da sabuwar caja ba, a kuma saka hoto a jikin kwali mai nuna ko akwai caja a ciki, da ƙarfin da na'urar ke buƙata. Hukumar ta ƙiyasta cewa jama'a za su tsira da kusan Yuro miliyan 250 a shekara.

Wannan batu na cire caja daga kwali shi ma ya jawo ce-ce-ku-ce. Apple ya riga ya fara a Oktoban 2020 da iPhone 12, Samsung ya bi a farkon 2021, dukansu suna cewa don kare muhalli ne. A Birazil hukumomi sun ɗauke shi a matsayin sayar da kaya ba cikakke ba, har gwamnati ta ci tarar Apple a Satumban 2022. Abin da Turai ta gani a matsayin rage shara, wata ƙasa ta gan shi a matsayin tauye haƙƙin mai saye. Bambancin yana ga wanda ke da caja uku a aljihun tebur da wanda wannan ce wayarsa ta farko.

Abin da aka samu, da abin da ya rage

In za a yi adalci, caja ƙaramin yanki ce na sharar kayan lantarki. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce duniya ta zubar da tan miliyan 62 na irin wannan shara a 2022, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Tan 11,000 na cajar Turai a gefen wannan kamar cokali ne a gefen rijiya. Darajar dokar ta fi ƙarfi ta wata fuska: ta nuna cewa kasuwa mai mutum kusan miliyan 450 za ta iya sa kamfani mafi arziki ya sauya ƙirar kayansa, kuma idan ya sauya, ba zai ƙera iri biyu ba. Shi ya sa mai sayen waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ko a Maraɗi yake cin moriyar ƙuri'ar da ba shi ya kaɗa ba. Saudiyya ma ta wajabta USB-C ga wayoyi daga 1 ga Janairu, 2025, don haka tsarabar alhazai ta bi layi.

Akwai kuma abin da bai daidaita ba. Igiyoyi biyu masu bakin USB-C za su yi kama da juna kamar an tsaga kara, amma ɗaya ta ɗauki wat 240, ɗayar ta tsaya a 60. Cajin da ake yi ba tare da igiya ba, ta hanyar ɗora waya a kan faifai, ya fi na igiya ɓarnar wuta, kuma dokar 2022 ta bar daidaita shi zuwa gaba. Tun wajen 2018 an fara samun caja masu amfani da sinadarin galiyom naitirayid a madadin silikon, waɗanda suka fi ƙanƙanta da rashin zafi, sai dai sun fi tsada. Ɗaya ƙarshen cajar, wanda ke shiga bango, har yau a rarrabe yake: Najeriya da Gana suna kan soket mai ƙafa uku irin na Ingila, Nijar da Cadi da Kamaru suna kan mai zagayayyun ƙafafu irin na Turai. Hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya ta fitar da tsarin soket na bai-ɗaya tun 1986, amma kusan babu wanda ya ɗauka in ban da Afirka ta Kudu da Birazil, ita ma Birazil da gyare-gyarenta. Waya ana sauya ta bayan 'yan shekaru, bango kuwa idan an gina shi an gina. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A wurinmu batun ya fi nauyi fiye da inda aka yi dokokin. Wanda ke caji da batirin sola ko da man janareta, kowane wat da ya tafi a zafi kuɗinsa ne ya ƙone. Kuma idan manyan kasuwanni suka rufe ƙofa ga tsofaffin caja masu shan wuta da na jabu, kayan ba ɓacewa suke yi ba, inda bincike ya yi sauƙi suke nufa. Ma'aunin da aka sha wahalar kafawa daga 2004 zuwa 2024 yana rubuce a jikin kowane kan caja na kirki: bolt nawa yake karɓa, wat nawa yake bayarwa, da lambar Romawan nan a cikin da'ira. Masu jabu sukan kwaikwayi rubutun, amma cajar da ba ta ma ɗauke da shi, ko take zafin da hannu ba ya iya riƙewa, ta riga ta faɗi matsayinta.